Gwiwar Mahaƙi da Jijiyar da Ke Bayanta

A watan Nuwamba na shekarar 1883, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, wani likitan fiɗa mai suna Thomas Annandale ya tsaga gwiwar wani mahaƙin kwal ɗan shekara 30. Mutumin ya daɗe yana fama, gwiwar takan sarƙe masa ana tsakar aiki. Da likitan ya buɗe, sai ya tarar guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya yage ya bar mazauninsa. Ya jawo shi ya mayar, ya ɗinke. Mako 10 bayan haka mutumin ya koma bakin aikinsa. Wannan shi ne ɗinkin guringuntsin gwiwa na farko da littattafan likitanci suka adana, kuma a jikin lebura aka yi shi.

Duk wanda ya tashi a Arlit ko Akokan, ko yake koyar da 'ya'yan waɗannan garuruwa, ya kamata labarin ya ja hankalinsa, domin garuruwa ne da rami ya haifa. Gwiwa kuwa ita ce jarin mai aikin rami. Tun farkon ƙarni na 20 Ingila ta sa kumburin gwiwar masu haƙar kwal cikin cututtukan da ake biyan diyya a kansu. Jamus ta amince a 1952 cewa lalacewar guringuntsin gwiwa cutar aiki ce ga wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa. Faransa, wadda kamfanoninta suka haƙi yuraniyom a Ayar fiye da shekara 50, tana da jadawali na 79 kan lalacewar wannan guringuntsi, sannan a jadawali na 57 ta ambaci wani abu da mutane ba su cika sani ba: matsewar jijiyar da ke gefen gwiwa saboda yawan tsugunno. Tarihin wannan jijiya nake so mu bi, da yadda hannun mai magani kansa yake taɓa ta.

Sai dai mu fara warware wata matsala ta harshe, wadda malaman kimiyya na makarantu sun san ta. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa uku ko huɗu da ba su haɗa aiki ba. Wadda ake hudawa a ɗebi jini, jijiya. Wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda ɗan ƙwallo yake tsinkawa, jijiya. Agara ma wani lokaci jijiya muke ce mata. Sannan ga wadda take kai umarnin ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin zafi ko sanyi daga fata. Wannan ta ƙarshe zan riƙa kira jijiyar saƙo. Bambancin ba na ƙwalisa ba ne. Idan likita ya ce wa uba «jijiya ce ta taɓu», uban yakan koma gida da tunanin targaɗe, ya sayi man zafi, ya jira. Alhali mai yiwuwa wayar da ke kai wuta ga ƙafar ce ta samu matsala, ita kuwa tana da wa'adi.

Babbar jijiyar saƙo ta ƙafa, wadda likitoci ke kira sayatik, tana fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ta cikin mazaunai, ta gangara bayan cinya. Kafin ta kai lungun gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya wuce cikin sharaɓa. Ɗayan, mai suna feroniyal, ya karkata waje ya zagaye wuyan siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri. Mai karatu ya sa yatsa a gefen gwiwarsa ta waje, ƙasa kaɗan, zai ji wani ɗan tudun ƙashi. Dab da ƙasansa jijiyar take, fata ce kawai ta rufe ta. Ita ke ɗaga tafin ƙafa da yatsu sama. In ta mutu, ƙafar sai ta saki ta rataya, mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sosai kamar mai hawan matakala don kada yatsunsa su ja ƙasa, silifa ya riƙa zame masa bai sani ba. Ta gefen ciki kuma akwai wata siririya, safinas, wadda ba ta motsa komai, ji kawai take kaiwa. Wani ƙaramin reshenta yana gittawa a ƙasan ƙoƙon gwiwa, daidai inda wuƙar likita ta saba bi.

Guringuntsin nan da Annandale ya ɗinke, aikinsa aikin gammo ne. Guda biyu ne a kowace gwiwa, suna raba nauyin jiki don kada ƙashi ya ci ƙashi. Amma likitocin da suka biyo bayansa ba su ɗauki hanyarsa ba. Suka ga cirewa ta fi sauƙi. Shahararren likitan gwiwa Ian Smillie ya yi shekaru yana koyar da cewa a cire shi ɗungurungum. A 1948 wani likita mai suna Fairbank ya nuna a hotunan ƙashi cewa gwiwar da aka raba da gammonta tana zaizayewa a hankali, amma sai da aka ɗauki gomman shekaru kafin maganar ta zauna. Mahaƙa da sojoji da 'yan wasa bila adadin sun tsufa da ciwon gaɓa a sanadin wannan fahimta.

Ana cikin haka wata dabara ta daban tana tasowa. Wani likita ɗan Denmak, Severin Nordentoft, ya gabatar da madubin leƙa cikin gaɓa a taron likitocin fiɗa a Balin a 1912, amma ba a kula shi ba. A 1918 Farfesa Kenji Takagi na Jami'ar Tokyo ya ɗauki madubin da ake leƙa mafitsara da shi ya zura cikin gwiwar gawa. Dalilinsa zai yi wa Bahaushe ma'ana fiye da yadda zai yi wa Bature. Cutar tibi tana cin gwiwa a wancan zamani ta bar ta a sandare, su kuwa mutanen Japan a ƙasa suke zama, a durƙushe suke cin abinci da karɓar baƙo. Wanda gwiwarsa ta sandare ya fita daga cikin mutane. Mu da muke zama kan tabarma, muke durƙusawa gaida manya, muke sujada da zaman tahiya sau da yawa a yini, mun san abin da yake nufi.

Ɗalibinsa Masaki Watanabe shi ya kai abin ga gaci. A wani asibiti na ma'aikatan gidan waya a Tokyo yake aiki, wato shi ma asibitin ma'aikata ne. Ya yi ta ƙera madubai yana gyarawa har ya kai ga na 21, wanda shi ne na farko da ya yi aiki yadda ake so. Ranar 4 ga Mayu 1962 ya yanke yagaggen ɓangaren guringuntsi daga gwiwar wani yaro ɗan shekara 17 da ya ji ciwo a wasan ƙwallon kwando, ba tare da tsaga gwiwar ba, ta ƙananan huji kawai. A 1964 wani matashin likita daga Toronto ta Kanada, Robert Jackson, ya je Tokyo, ya riƙa koya wa Watanabe Turanci, shi kuma yana koya masa aikin madubi. Jackson ya koma da dabarar gida, daga can ta bazu. A 1974 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan tiyata, wadda ake kira atroskofi, aka ba Watanabe shugabancinta.

A waɗannan shekaru ne daidai ake gina Arlit. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, gari ya tsiro a tsakiyar hamada, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. A 1974, shekarar da aka kafa waccan ƙungiya, aka kafa COMINAK, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta, mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, aka gina Akokan domin ma'aikatansa. Cikin masu hannun jari a COMINAK har da wani kamfanin Japan mai suna OURD. Ƙasar da ta ba duniya madubin gwiwa tana cikin masu sayen abin da gwiwoyin mutanen Akokan suka haƙo. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, aka kawo wuta daga kwal ɗin SONICHAR na yankin Cirozerin. Mutane suka kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Dosso da ƙasashen maƙwabta, har ana yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa a kan garin. Kowane kamfani ya gina asibitinsa, kuma a arewacin Nijar na lokacin babu kamarsu.

Mu koma ɗakin tiyata. Madubi ya rage tsaga, ya rage kwanciya a asibiti, ya rage ruɓewar rauni. Amma ya zo da nasa. Likita yana kallon cikin gaɓa a allon talabijin, abin da ke wajen gaɓar kuwa, tsakanin fata da ƙashi, ba ya ganinsa, kuma a nan jijiyoyin saƙo suke. Hujin da ake yi ta gefen ciki yana iya yanke ƙaramin reshen safinas, mutum ya tashi da wani fili a ƙasan gwiwa da ba ya jin taɓawa. Wannan ba baƙon abu ba ne, musamman in an ɗebo agara daga ƙafar don maye igiyar gwiwa da ta tsinke. Wasu sukan saba da shi har su manta. Wasu kuwa bakin jijiyar yakan dunƙule ya zama ɗan ƙulli mai zogi, da an durƙusa a kansa sai a ji kamar an taɓa minjirya. Ga mai yin sallah wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da takardar asibiti ta kira shi ƙaramar matsala.

Babban haɗarin ya zo ne ta hanyar alheri. Da likitoci suka yarda da maganar Fairbank, sai suka koma ga hanyar Annandale, wato ɗinki maimakon cirewa. Hiroshi Ikeuchi, abokin aikin Watanabe, ya fara ɗinkin ta madubi a 1969, sannan Charles Henning na Amurka ya yaɗa shi a shekarun 1980. Yadda ake yi shi ne a tura doguwar allura daga cikin gaɓa ta fito ta bayan gwiwa, a ɗaure zaren a can. To bayan gwiwa ta waje feroniyal ce ke kwance, ta ciki kuma safinas. Allura na iya sokar jijiya, zare na iya shaƙe ta. An je gyaran gira, ido na cikin haɗari. Maganin da aka samo ba shi da wani ƙyale-ƙyale: a ɗan tsaga bayan gwiwar, a zura wani ƙarfe mai lanƙwasa ya tare allurar, har wasu likitoci cokalin cin abinci da aka dafa suke sawa. Daga baya aka ƙera na'urorin da ke ɗinki daga ciki kaɗai.

Akwai kuma ɗaurin tsayar da jini da ake yi a cinya don likita ya ga wurin aiki tas. Tsohuwar dabara ce. Jean-Louis Petit na Faransa ya ƙera mai sukurori a 1718, Esmarch na Jamus ya kawo na roba a 1873, Harvey Cushing ya kawo na iska a 1904. In ya matse fiye da kima, ko ya daɗe, jijiyar da ke ƙarƙashinsa takan suma. Shi ya sa ake duba agogo, galibi ba a so ya zarce awa biyu. Ƙarfen da ake maƙale ƙafa da shi a kan gadon tiyata ma yana iya danne wuyan siririn ƙashin nan, har a ƙafar da ba ita ake wa aiki ba.

Ta yaya aka san duk wannan? An ƙirga ne. A 1986 ƙungiyar masu tiyatar madubi ta Arewacin Amurka ta wallafa sakamakon tambayar da ta yi wa 'ya'yanta kan ayyuka kusan 400,000. Matsalolin da aka bayyana ba su kai 1 cikin 100 ba, amma ɗinkin guringuntsi da gyaran igiyar gwiwa sun fi sauran haɗari. Likitoci ne suka ba da rahoton kansu, kuma ba mai tallar laifinsa a kasuwa, saboda haka adadin na iya fin haka. Duk da haka, ƙirgar ita ta sa aka gyara hanyar aiki. Ƙirga ce kuma ta tona wani asiri daga baya. A 2002 likita Bruce Moseley da abokansa a Hustan suka raba masu ciwon gaɓa na tsufa su 180 kashi uku. Kashi biyu aka yi musu aikin madubi na gaske, kashi ɗaya aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu ba a ga fifikon waɗanda aka yi wa na gasken ba. A 2013 wani gwaji a Finlan ya samu irin wannan sakamako kan guringuntsin da shekaru suka cinye. Ina ganin duk tsohon ma'aikacin da ke shirin sayar da fili ko ya kwashe kuɗin sallamarsa ya tafi Tunis ko Alƙahira ko Indiya a «wanke masa gwiwa» ya cancanci a gaya masa wannan tun kafin ya yanki tikiti. Matashin da guringuntsinsa ya yage a filin ƙwallo, gwiwa tana sarƙewa, nasa daban ne, aikin yana yi masa amfani.

Wannan batu na ƙirga shi ne inda tarihin Arlit ya fi ciwo. A wancan lokaci asibitocin garin na kamfani ne, likitocin kamfani ke biyansu, takardun marasa lafiya a hannun kamfani suke. Kamfanonin sun sha cewa suna kula da ma'aikata da iyalansu da sauran jama'ar gari kyauta, kuma mutane da yawa sun amfana, ba a musun wannan. Amma wanda zai biya diyya in an ce cutar aiki ce, shi ne mai asibitin da zai faɗi ko cutar aiki ce. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR wanda ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya gayyato masu binciken CRIIRAD da lauyoyin Sherpa daga Faransa a ƙarshen 2003. Rahotanninsu sun zargi asibitocin da rashin bayyana cututtukan da ke da nasaba da aiki, kamfanin Areva ya musanta. A ƙarshen 2011 aka kafa wata cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata ta yankin Agadas, shekara guda bayan haka Sherpa ta janye daga yarjejeniyar, tana cewa abin ya koma talla. Duk wannan ja-in-ja a kan huhu da ƙura da tururin ma'adini aka yi shi, kuma ya cancanci haka. Gwiwa da baya da ƙafar da ke jan ƙasa ba su samu lauya ba.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. A Disamba 2024 Orano, sabon sunan Areva, ya ce SOMAÏR ya fita daga ikonsa, a Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da shi mallakar ƙasa. Ko mutum yana murna da wannan ko yana ɗar-ɗar, tambayar lafiya tana nan: takardun jinya na shekara 50 su zauna a inda mai su zai iya samu. Su kuma samari tun 2014 sun karkata ga zinariya, Jado da Cibarakaten, inda ake yini a tsugune cikin rami mai ƙunci, babu asibitin kamfani, babu jadawali na 57.

Amma in gaskiya za a faɗa, a ƙasashenmu abin da ya fi kashe wannan jijiya ba madubin tiyata ba ne, allura ce. Shekaru da dama maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ne allurar kinin a mazaunai. Yaro ƙarami, ga rama, ga shure-shure, tsokar wurin ba ta da kauri. In allura ta sauka tsakiya ko ƙasa maimakon can sama ta gefen waje, tana iya samun sayatik, kuma kinin magani ne mai ƙona nama. Ɓangaren jijiyar da ke zama feroniyal shi ya fi saurin lalacewa. Zazzaɓi ya sauka, yaro ya tashi da ƙafa a rataye. A shekarun 1990 wani likita Bafaranshe, Hubert Barennes, da abokan aikinsa a Yamai sun yi rubuce-rubuce kan wannan ɓarna, suka kuma gwada ba yara kinin ta dubura don a kauce wa allurar. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atesunet a kan kinin ga zazzaɓi mai tsanani a yara, kuma ƙa'ida ita ce in dole sai an yi wa ƙaramin yaro allura a tsoka, a yi ta a gaban cinya. Sai dai ƙa'ida tana asibiti, mai allurar unguwa yana ƙofar gida, kuma mu iyaye mu ne muke cewa in ba a yi allura ba kamar ba a yi magani ba. Arlit ba ƙasar sauro ba ce kamar Gaya, amma iyalai da yawa kudu suke tura yara hutun damina, lokacin da sauro ke ganiyarsa. Malami ya lura da tafiyar ɗalibansa a makon farko na komawa makaranta.

Da an ga yaro yana jan ƙafa, sunan da ke zuwa baki shi ne shan inna, daga nan sai hayaƙi da rubutu da haƙuri. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, ko da yake wani nau'in yana ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa har yau duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya dole a kai rahotonsa asibiti. Akwai alamar da ke taimakawa: shan inna yana kashe motsi amma ba ya ɗauke ji. Wanda jijiyarsa ta taɓu ta allura ko ɗauri kuwa, sau da yawa bayan ƙafarsa ba ya jin taɓawa, ko yana kukan zafi kamar wuta. Ɗori ma yana cikin lissafi. Maɗora na gado sun yi wa al'umma hidima tun kafin a san asibiti, kuma a ƙauyuka da yawa su kaɗai ake da su. Amma karan da aka ɗaure tamau a kan wancan tudun ƙashi, ƙafa kuma tana kumbura, zai yi abin da ɗaurin Petit yake yi in an manta da agogo. Filastar asibiti ma tana yin haka in bakinta ya zauna a wurin. Yaron da aka ɗaure ya ce yatsunsa sun mutu, ko ya kasa ɗaga babban yatsa, ko yake kukan da ya wuce na karaya, a sassauta ɗaurin a ranar. Ba ragwanta yake yi ba.

Sanin yadda jijiyar saƙo ke warkewa yaƙe-yaƙe ne suka koyar da shi. A yaƙin basasar Amurka Silas Weir Mitchell ya tara sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya a wani asibiti a Filadelfiya, ya bayyana zafin nan mai kama da ƙuna a 1864. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1915, Jules Tinel na Faransa ya nuna cewa in aka ƙwanƙwasa kan jijiya mai tsirowa, majiyyaci yakan ji tsirr, da haka ake gane inda ta kai. A Yaƙi na Biyu Herbert Seddon a Okusfod ya kasa raunin kashi uku, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Na farko jijiyar ta suma ne kawai, cikin makonni zuwa wata uku takan farfaɗo da kanta. Na biyu zaren ciki ya tsinke amma kuben yana nan, sai ya sake tsirowa a hankali. Na uku ta rabu biyu, in ba an ɗinke ko an yi mata ƙari ba, ba ta dawowa. A ranar farko dukkansu ukun kamarsu ɗaya. Wannan shi ne tarkon. Mai na farko ya warke bayan an shafa masa wani abu, sai a yabi abin, mai na uku ya bi sahu ya yi ta shafawa har lokaci ya ƙure masa.

Ko lokaci ya ƙure, ba a rasa abin yi ba, kuma wannan ilimi daga kuturta aka samo shi, don ita ma wannan jijiyar take ci a daidai wannan wuri. Likitocin kutare, irin su Paul Brand a Indiya, sun ƙware wajen ciro wata agara mai rai daga bayan ƙwauri su juyo da ita gaba ta riƙa ɗaga ƙafa. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta daɗe da sanin irin wannan ƙafa. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959. Kafin a kai ga nan, takalmin roba mai riƙe ƙafa a miƙe da gashi na yau da kullum su ke hana agara ƙanƙancewa.

Wanda za a yi wa ɗansa tiyatar gwiwa, a gida ko a waje, yana da haƙƙin tambaya, kuma likitan kirki ba ya jin haushinta. Cirewa za a yi ko ɗinki? Ta wane gefe? Wace jijiya ke kusa? In an tashi ƙafa ba ta ɗaguwa, wa za a nema, yaushe? Da majiyyaci ya farfaɗo, a ce ya ɗaga babban yatsa, a shafa bayan ƙafar a tambaye shi ko ya ji. A karɓi takardar bayanin aikin kafin a bar asibitin, musamman wanda zai hau jirgi, domin likitan da zai gan shi a Agadas bai ga abin da aka yi ba. In an ɗinka guringuntsin gefen waje aka tashi da ƙafa a rataye, ba a cewa a jira wata uku, don mai yiwuwa zare ne ya shaƙe jijiyar, kuma kwance shi aikin kwanaki ne.

Ga lissafin da malami zai iya ba 'yan aji shida su yi da abin awo. Jijiyar saƙo tana tsirowa kimanin milimita 1 a yini. Tsokar da ta rasa saƙo tana iya jira kamar wata 12 zuwa 18, bayan nan ko jijiyar ta iso ba ta amsawa. Daga wuyan siririn ƙashi zuwa tsokar da ke ɗaga ƙafa 'yan santimita ne, tafiyar 'yan watanni. Daga mazaunan yaro zuwa wannan tsoka kuwa, a ce santimita 30, kwana 300 ke nan, in an fara tsiro yau. Sai a cire watannin da aka yi ana shafa mai, a cire na tara kuɗin mota, a tuna cewa daga Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ne a kan hanyar da kowa ya san halinta, zuwa Yamai kuwa kimanin 1,200. Ɗalibai su faɗi kwana nawa suka rage.